Ina son haɗa sandar fatsa da hannuna, ku ba ni shawara

Tela Idi-Araba:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san harkar fatsa ce, musamman wanda ya taɓa haɗa sanda da hannunsa.

Ni mutumin Wudil ne, shekarata 11 a Legas, ina ɗinki da surfani a Idi-Araba. Muna yara a gida, reshe mai tsawo muke sarowa mu ɗaura zare da ƙugiya, mu sa totuwa ta riƙa nuna mana in kifi ya taɓa, mu haƙo tana a bakin kogi, shi ke nan an gama shiri. Da na zo nan sai na watsar da abin gaba ɗaya, har bara da wani maƙwabcina Bayarabe ya ja ni bakin ruwa wajen Oworonshoki wata Lahadi da sassafe. Tun daga ranar ban sake yinin Lahadi a ɗaki ba. Duk wanda ke kwana shida sunkuye a kan keke ya san abin da tsayuwa a bakin ruwa ke yi wa bayan mutum da zuciyarsa.

Sandar da na fara saya irin mai shigewa cikin juna ce kamar eriyar rediyo. Wata biyu zobbanta da igiya ke bi ta ciki suka yi tsatsa, ranar da wani kifi obokun mai ɗan girma ya kama kuma ta karye a gaɓa ta uku. Kifin ya tafi da igiyar, na dawo gida da guntaye. Na koma wurin wanda ya sayar mini, ya ce ai ba a mayar da kaya.

Bayan nan na ci karo da wata sanda a cikin kayan gwanjo, ta faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam, tsawonta ƙafa 7, mai gaɓa biyu. Jikinta lafiya lau, na lanƙwasa ta ban ji wani ƙas ba. Matsalarta zobba: uku babu su sam, sauran duk sun ci tsatsa, mariƙin kuma ya ruɓe. Na samu zobe ɗaya na gwada ɗaura shi da zaren da nake surfani da shi, na shafe shi da gam ɗin nan mai kwalba biyu da ke bushewa cikin minti 5. Naɗin zaren dai ya fito tsaf, don wannan aikin hannuna ne. Amma gam ɗin ya daskare kafin in gama shafawa, ya yi tudu-tudu, bayan mako uku ya koma ruwan ɗorawa, zoben kuma yanzu yana girgiɗi in na taɓa shi.

To abin da nake so ku faɗa mini shi ne, in ci gaba da wahala da wannan tsohuwar, ko in tara kuɗi in yi odar tsurar sanda sabuwa daga waje, wadda ba a sa mata komai ba? Na duba a intanet na ga ta kabon, an ce ta fi rashin nauyi kuma ana jin motsin kifi sosai a hannu, sai dai kuɗin kawo ta ya kusa fin kuɗin ita kanta. Sannan wane zare ake amfani da shi, wane gam? Na kuma ga masu yin abin suna da wani inji da ke juya sandar a hankali har gam ya bushe. Ni ba ni da shi, wutar layinmu kuma in ta yi awa uku a jere mun gode Allah.

Ba don sayarwa nake so ba. Guda ɗaya nake so wadda zan san kowane ɗauri a jikinta, in wani abu ya lalace in gyara da kaina. Ɗana na fari ya shekara 9, ya fara bina bakin ruwa, ina so wata rana in miƙa masa ita. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Ɗan Yawuri:

Wa alaikumus salam. Yarona ne ke rubuta mini wannan, ni ina faɗa.

Ɗana, na ji bayaninka. Ni a gidan masunta aka haife ni, mahaifina masunci ne tun kafin a tare ruwa a Kainji a 1968, ni ma na yi kamun kifi da birgi da mamari kafin in zo Ikko in kama sayar da banda. Wannan sanda mai inji ban san kanta ba, ba kuma zan ce na sani ba. Amma tunda ka ambaci yaro, ka fara yi masa ta gora. Nan garin gora ba ta wuya, ga ta nan jibge duk inda ake gini. Kada ka ɗauki wadda aka riga aka tokare rufin kankare da ita, ta sha siminti da rana ta tsattsage. Ka nemi siririya wadda ta ƙosa, mai gaɓoɓi kusa da juna. Ka rataye ta a inuwa, kai sama, ka ɗaura dutse a gindinta, ka manta da ita kamar wata biyu ko uku. In ta bushe, inda ta karkace ka gasa shi sama-sama a kan garwashi, kada ka bari ya ƙone, ka miƙar da hannu ka riƙe har ya huce. Sai ka shafe ta da mai. Igiyar kuma kada ka ɗaure ta a tsini kawai. Ka fara ɗaurin daga tsakiyar gorar ka biyo da ita har tsini, don ko tsinin ya karye kifin bai tafi ba. Da ka san wannan da obokun ɗinka bai tsere ba. Shi ne fa irin wanda muke ce wa warushe a wurinmu, ka yi hankali da ƙayarsa, ta baya da ta gefe, tana da zafi.

Abu na biyu, ruwan nan ba kogin Wudil ba ne. Na Wudil gaba ɗaya yake tafiya. Wannan yana cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, saboda teku ce ke tura shi. Da damina in kogin Ogun ya kawo ruwa gishirinsa yakan ragu, da rani ya dawo. Kifin da za ka samu a watan takwas ba shi za ka samu a watan uku ba. Ka riƙa gaisawa da 'yan ƙabilar Egun masu kwalekwale, ka sayi jatan lande ɗanye a hannunsu don ƙoto, ka tambaye su lokacin da ruwa ke juyawa. Sun fi kowa sanin ruwan nan, kuma in ka girmama su ba sa rowar magana.

In za ka shiga jirgi da yaron nan, ka sa masa rigar ruwa, kai ma ka sa. Na binne mutanen da suka iya iyo fiye da kai. Allah ya tsare.

Mai gyaran firji, Apapa:

Malam Tela, sannu da ƙoƙari. Baba ya gama magana a kan ruwa, ni zan tsaya a kan sandar. Na haɗa guda shida a cikin shekara huɗu, biyu daga tsura, huɗu tsofaffi ne na tuɓe na sake.

Kada ka yi odar komai yanzu sai zobba, zare da efoksi, wato gam mai kwalba biyu da ake haɗawa. Wannan ta faiba da ke hannunka ita ce daidai da mai koyo, kuma ita ce daidai da inda kake kamun. Gaskiya ne kabon ta fi sauƙin ɗauka, ta fi kai motsi hannu, shi ya sa tun da aka fara fito da ita a Amurka wajen 1973 ta mamaye kasuwa. Amma ba ta yafiya. Ta bugu da dutse ko gefen kwalekwale, ta yi ɗan rauni da ido ba ya gani, sai ranar da babban kifi ya ja ta tsinke a wurin. Ga shiga motar haya ta danfo da ita. Ga kuma wuta, don kabon na ɗaukar lantarki, in hadari ya taso ko kana wucewa ƙarƙashin waya dole ka kwantar da ita. Faiba tana da nauyi amma tana jure wulaƙanci. In rezarka ta ɗan kuskure a kanta ba za ka yi asarar kuɗin jirgi ba.

Tuɓe ta za ka fara yi. Ka ɗora reza a kan ƙafar zoben, wato ƙarfen da ke kwance a jikin sandar, ka yanka zaren a kan ƙarfen, kada ka yanka a kan sandar. In ka ɗaga zoben sauran zaren warwarewa yake yi. Ragowar gam ka kankare da farce ko tsohon katin roba. Zoben tsini da gam mai narkewa ake liƙa shi, ka ɗan haska masa ashana daƙiƙa biyu ko uku ka ja da filaya. Kada ka daɗe, zafi na kashe sandar. Tsofaffin zobban duka ka zubar, ko wanda ka ga kamar yana da kyau. In kana shakka ka zura auduga ta cikinsa, in ta maƙale to akwai tsaga, ita ce za ta riƙa cin igiyarka.

Sababbin ka nemi masu firam na ƙarfe marar tsatsa da idon tangaran a ciki. Na kamfanin Fuji na Japan su ne aka fi sani, ni da su nake aiki. Ƙa'idar da aka saba, zobe ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon sanda, a ƙara ɗaya, ban da na tsini. Taka mai ƙafa 7 ke nan guda 8. Babban, lamba 25 ko 30, yana zama kamar inci 20 daga bakin ril, wato injin naɗe igiyar. Na kusa da tsini kamar inci 4 daga tsinin, daga nan tazarar na ƙaruwa kaɗan-kaɗan kana gangarowa. Wannan somin taɓi ne kawai, sandar ce za ta faɗa maka sauran. Ka liƙa su duka da salatif ɗin takarda irin na masu fenti, ka ɗaura ril, ka zura igiya, ka ɗaure bakinta a ƙafar tebur, ka ɗaga har sandar ta lanƙwashe. Ka tsaya gefe ka duba. Igiyar ta bi lanƙwasar sandar sumul. Duk inda ka ga ta yi kusurwa mai kaifi ko ta yi nisa da jikin sandar, ka matsar da zobe. Nakan ɓata yamma guda a wannan kaɗai, kuma a nan ne sandar hannu ke fin ta kanti.

Kafin haka akwai neman ƙashin baya. Ita tsurar sanda naɗe ƙyallen faiba ake yi a kan siririn ƙarfe a gasa, inda bakin ƙyallen ya hau kan ɗan'uwansa yakan fi kauri. Ka kafa gindinta a kan tayil, ka tallafe wajen tsini da tafin hannu ɗaya, ka danna tsakiya da ɗayan har ta lanƙwasa, sai ka mirgina ta. Za ka ji ta yi tsalle ta zauna a wuri ɗaya da take so. Ka sa alama a cikin lanƙwasar, a wannan layin za ka jera zobba tunda ril ɗinka na ƙasa ne. Kowace gaɓa ka yi mata nata daban.

Kowane zobe ka goge bakin ƙafarsa da magagari har ya yi fele-fele kamar bakin farce, don zare ya hau ba tare da tuntuɓe ba, sannan ka bi ƙasansa da samfefa kada wani kaifi ya ci sandar.

Injin juya sandar kuwa ba ka buƙatarsa. Kwalin indomi ya isa. Ka yanka gefe biyu kamar harafin V ka kwantar da sandar. Ƙwaryar zaren ka jefa ta cikin kofi, ka bi da zaren ta tsakiyar littafi mai kauri, ka ɗora wani abu a kai. Nauyin da ka ɗora shi ne ƙarfin jan zaren. Kada ya yi tsauri, ya zama bayan ka gama kana iya ɗan murza zoben da yatsa ka daidaita shi da 'yan'uwansa. Ka fara naɗi a kan sandar ka hau kan ƙafar zoben. In ya rage zagaye 6 zuwa 8, ka kwantar da ɗan madauki na wani zare, ka naɗe a kansa, ka yanke, ka zura bakin a madaukin ka ja ya shige ƙarƙashi. Babu ƙulli ko ɗaya. Kai da kake surfani wannan ba zai ɗauke ka kwana biyu ba. Ni wata guda na yi kafin naɗina ya daina barin ƙofa.

Zaren shi ne nailan na naɗin sanda, lamba A ga irin taka, lamba D ga manyan sandunan teku.

Gam ɗin da ka sa ba aikinsa ba ne. Efoksi iri biyu ne a wannan harka. Akwai na liƙa mariƙi da mazaunin ril, nan Araldite mai jinkirin bushewa ya wadatar. Ka naɗa salatif ɗin takarda wuri uku a jikin sandar har mazaunin ya shiga daram, ka cika tsakaninsu da gam ka tura. Akwai kuma na shafe zare, irin su Flex Coat. Shi ruwa-ruwa ne, yana ɗaukar awanni kafin ya kama, saboda haka yana ratsa zaren har ya cika ramin da ke gefen ƙafar zobe, kuma in ya bushe yana lanƙwasa tare da sandar. Naka mai minti 5 a saman zaren ya tsaya, bai shiga ba, shi ya sa zoben ke rawa.

Ana auna shi daidai wa daida, ɗaya da ɗaya, da sirinji biyu, kada ka yi da ido. Ko zobe ɗaya za ka shafa ka haɗa aƙalla cc 3 na kowanne, don in ya yi kaɗan kuskuren ɗigo ɗaya ma na hana shi bushewa. Ka gauraya a hankali minti 3, ka juye a kan takardar alminiyam ya baje, kumfar ta fita. Ka shafa siriri. Sannan ka zauna kusa da kwalinka kana juya sandar rabin zagaye, da farko duk minti biyu-uku, in ya fara kauri duk minti 10 zuwa 15, har awa biyu ko uku. Washegari ka ƙara shafi na biyu. Kada ka taɓa na jikin sandar don ka ji ko ya bushe, ka taɓa ragowar da ke kan alminiyam.

Tela Idi-Araba:

Baba, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma da lafiya. Maganar ɗaurin igiya daga tsakiya ta tsaya mini a rai, don haka kakana yake yi, sai da ka faɗa na tuna. Gobe zan je neman gorar.

Yaya na Apapa, Allah ya biya ka. Na kwafe bayaninka a littafin da nake rubuta awon mutane. Abu ɗaya ya rage mini. Ina da zare kala-kala a shago, fiye da ƙwarya 40, har da wani shuɗi mai duhu irin na babbar riga da nake so ƙwarai in gani a jikin sandar. Dole ne sai na yi odar nailan ɗin? Zaren da aka yi don ya jure wanki da guga, me zai hana shi jure wannan?

Mai faiba, Ikorodu:

Salam. Ni aikina gyaran jiragen faiba ne a bakin ruwan Ikorodu, kullum hannuna cikin resin yake, wato gam ɗin da muke liƙa faiba da shi, saboda haka bari in sa baki.

Malam Tela, zarenka kashi biyu ne. In rayon ne, mai sheƙi sosai ɗin nan, ka bar shi a shago, ba shi da ƙarfi kuma in ya jiƙa ya ƙara rauni. In foliyesta ne ƙarfinsa ya isa, akwai masu naɗin sanda da yawa da ke aiki da shi. Illarsa ɗaya, ana shafa masa wani mai da ake kira silikon a masana'anta don ya riƙa sulɓi a cikin allurar keke, shi kuma efoksi ba ya shiri da silikon ko kaɗan. Za ka ga ya tsattsage ya bar 'yan ramuka kamar idon kifi. Ka ƙona bakin zaren ka gani: foliyesta narkewa yake ya dunƙule, rayon ci yake da wuta ya bar toka kamar takarda. In foliyesta ne, akwai wani ruwa da ake fara shafawa mai riƙe launi, ka haɗa da shi a odarka, ka yi shafi biyu ya bushe sarai kafin efoksi. Zai kuma hana shuɗin naka komawa kusan baƙi, don efoksi na duhunta zare. Ka fara gwadawa a guntayen waccan da ta karye.

Wannan silikon ɗin yana cikin sirinjin kemis ma, a jikin baƙar robar da ke turawa. Ka nemi marar baƙar roba.

Kada kuma wani ya ce maka ka zo wurinmu ka ɗebi resin ɗin jirgi don ya fi araha. Namu foliyesta ne, yana bushewa da tauri kamar gilashi, lanƙwasa biyu zai fashe.

Inda na saɓa da ɗan'uwana na Apapa shi ne maganar ƙashin baya. Ba na cewa babu shi, akwai, kowa ya mirgina sanda zai ji. Amma ga sandar da zobbanta ke ƙasa, kifi na ja igiya na jan zobban ƙasa, ba inda za ta murɗe. Tsohuwar sanda ta gwanjo kuwa da wuya ka same ta a miƙe sak. Ni shawarata ka ɗora ta ka hango ta daga gindi kamar mai duba katako, ka ga inda ta karkata, ka jera zobban yadda nauyinsu zai mayar da ita daidai. In ka bi ƙashin baya tsinin ya kalli hagu, duk ranar da ka ɗaga ta abin zai riƙa damun idonka.

Sai yanayi. Muna cikin damina, iskar garin nan jiƙe take. Efoksi in ya sha laima yana bushewa yakan yi hazo-hazo ko maiƙo a sama. Kada ka shafa da daddare ko ranar da ake ruwa. Ka bari sai rana ta fito, wajen ƙarfe 11, a ɗaki rufe, fanka a kashe. Kuma kada ka yi a shagonka, ƙurar yadi da ke yawo a shagon tela duk a kansa za ta sauka. In ka kifa wani kwalin a sama ya fi.

In ka fara aiki da ita, duk dawowa daga ruwa ka ɗauraye ta da ruwan famfo, zobe-zobe, har ril ɗin. Marar tsatsa ma yana tsatsa a Legas in an bar gishiri ya kwana a kansa.

Mai gyaran firji, Apapa:

Maganar zare da sirinji gaskiya ce, ban kawo ta ba, na gode da gyara. Ni ma ramukan nan sun taɓa fito mini a sanda ta biyu, sai yau na gane daga inda suka zo.

A kan ƙashin baya kuwa ina nan a kan bakana, amma ba da ƙarfi ba. Na gwada duka biyun, wadda na bi ƙashinta na fi jin daɗin jifa da ita, ko da yake na yarda zai iya zama sabo ne. Malam Tela, ka duba duka biyun. Sau da yawa layin ƙashin da layin miƙewar ba su da nisa da juna. In sun yi hannun riga a wannan tsohuwar, bi maganar mai faiba.

Na manta ban ce ba, bakin gaɓar da ɗayar ke shiga ciki, ka naɗe shi da zare kamar inci ɗaya ko da babu zobe a wurin. In ba haka ba nan ne zai fara tsagewa.

Tela Idi-Araba:

Assalamu alaikum. Yau mako bakwai da tambayata, na ga ya kamata in dawo in faɗa muku inda aka kwana.

Kayan sun ɗauki kwana 24 kafin su iso. Kafin nan na tuɓe sandar, na yi ta gwajin naɗi a guntayen tsohuwar har sau 15. Shuɗin nawa na ƙona shi ya dunƙule, foliyesta ne. Na gwada shi ba tare da ruwan riƙe launi ba, ramukan suka fito kamar yadda mai faiba ya faɗa, guda huɗu a ɗan naɗin da bai kai inci ba. Da na sa ruwan sau biyu sai ya kwanta lafiya. Da shi na yi duka, na sa zagaye biyar na ruwan zinare a bakin kowane naɗi, irin yadda nake rufe aikin wuyan riga.

Gaɓar ƙasa ƙashinta da miƙewarta sun zo wuri ɗaya. Ta sama ta ɗan karkata, sai na bi miƙewar. Wajen gwajin igiya na ga zobe 8 sun bar kusurwa a tsakiyar gaɓar sama, don faibar tana lanƙwasa har can ƙasa, sai na ƙara na tara da na saya saboda ko-ta-kwana. Mariƙi kuma na sa na baƙin soso, na bar shi dogo har ya kai gwiwar hannuna.

Shafin efoksi na farko na yi shi ranar Lahadi a ɗakin kwana, ni da yaron muna karɓa-karɓa wajen juyawa, shi yana riƙe da agogon waya. Ya fito kamar gilashi. Na biyun ne ya ba ni matsala. Efoksin ya kusa ƙarewa, da na zo zobban sama sai na haɗa cc ɗaya-ɗaya don in yi tattali, duk da an gargaɗe ni. Zobba uku na sama yau kwana biyar suna danƙo, in na taɓa sai yatsa ya bar shaida. Sauran da na shafa da haɗin farko sun bushe ƙam.

Duk da haka ban iya haƙuri ba, jiya na fita da ita Oworonshoki ruwa na cikowa. Na samu karfasa biyu da obokun ɗaya da ya kai tsawon hannuna daga yatsa zuwa gwiwa. Sandar ta lanƙwashe tun daga tsini har kusa da mariƙi, ban ji ko ƙas ba, babu zoben da ya motsa. Baba, gorar yaron na rataye a bayan ɗaki da dutse a gindinta, kullum sai ya je ya duba ko ta bushe.

Yanzu waɗannan ukun masu danƙo, in kankare su in sake naɗi daga farko, ko akwai dabara? Ga yashi ma ya ɗan manne musu jiya.

Mai gyaran firji, Apapa:

Masha Allah, barka da arziki. Kada ka kankare. Ka goge su da sifirit a tsumma marar gashi har yashin ya fita, ka bar su su sha iska awa ɗaya. Sai ka haɗa sabo, cc 3 da cc 3 cif, ka shafa siriri a kai, zai bushe ya rufe na ƙasan. In naka ya ƙare ina da ragowa. Ranar Asabar bayan la'asar ina shago, ka zo da sandar in ga wannan shuɗin da idona.